Yadda Za Ka Tantance Layin Yagewa na Takardar Kwamfuta Kafin Ka Karɓi Kaya

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin buga takardun kaya a wata masana'anta a Kakuri ko Kudenda, a Kaduna, ya san wannan ƙarar. Firinta na cikin gudu, sai ka ji "ɓat", takarda ta tsinke, kan bugawa, wato ɓangaren firinta da ke buga rubutu, ya ci gaba da dukan rola babu komai a gabansa. A waje tireloli sun yi layi, direbobi na jiran webil, wato takardar rakiyar kaya, mai sikelin auna motoci na ta aiko yaro. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa na'ura laifi, a kira mai gyara daga cikin gari. Na daɗe ina kula da irin waɗannan firintoci, kuma abin da na gani shi ne sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Ɓarnar tana cikin kwalin takarda, a wannan ɗan layin huji-huji da ake yage shafi daga shafi.

Aikin wannan layi yana da wuya, domin abubuwa biyu masu karo da juna ake nema daga gare shi. Ana so ya yi ƙarfin da zai jure jan haƙoran na'ura da lanƙwasa da naɗi ba tare da ya saki ba, sannan ana so ya yi saukin da magatakarda zai yage shi da hannu ɗaya ba tare da ya ci rubutu ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar gane ko maƙerin takardar ya samu wannan tsakiyar ne.

Fara da sanin sunan abin da kake dubawa

Takardar kwamfuta mai naɗi tana da huji iri uku. Akwai layin kwance da ke raba shafi da shafi, wanda a kansa takardar ke naɗewa gaba da baya cikin kwali. Akwai layukan tsaye biyu, dama da hagu, da ake cire bakin takarda da su bayan an gama bugawa. Sai kuma ramukan gefe, zagayayyu, waɗanda haƙoran tirakta, wato majanyin takarda na cikin firinta, ke shiga su ja takardar.

Idan ka ɗaga layin yagewa a haske za ka ga ba huji ba ne zagayayye, 'yan yanka ne a jere. Wuƙa ta yanka nan, ta bar nan, ta sake yankawa. Wurin da aka yanka mu ce masa yanka, ɗan wurin da aka bari yana riƙe da shafukan biyu mu ce masa mahaɗi. Ƙarfin layin gaba ɗaya ya rataya ne a kan tsawon yanka idan aka gwada shi da tsawon mahaɗi. Littattafan firintocin Epson masu allura suna neman yanka ya ninka mahaɗi sau 3 zuwa sau 5. Misali, yanka milimita 3 da mahaɗi milimita 1, wato kusan haƙoran wuƙa 6 a kowane inci. Ko yanka milimita 4 da mahaɗi milimita 0.8. Idan mahaɗi ya fi haka tsawo, takarda ba za ta naɗe da kyau ba, kuma wajen yagewa sai ta bar layi ta shiga cikin shafi. Idan ya fi haka gajarta, za ta tsinke a cikin na'ura.

Akwai wani irin huji mai ƙanƙanta ƙwarai, haƙora 30 har zuwa 72 a inci ɗaya, wanda idan aka yage bakin takarda ke fita sumul kamar an yanka da reza. Yana da kyau ga wasiƙa ko takardar da za a miƙa wa abokin ciniki. Amma ni ba na yarda da shi a layin naɗi na takardar da za ta shiga babbar firinta mai buga layi-layi, irin su Printronix, waɗanda manyansu ke buga layi 2,000 a minti ɗaya. A can gefe, wajen cire baki, babu laifi.

Mataki na farko yana kan takardar oda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin rigimar da ake yi da masu kawo takarda ta samo asali ne daga odar da aka rubuta "takardar kwamfuta, kwali hamsin" aka tsaya nan. Idan kaya suka zo ba daidai ba, ba ka da abin da za ka riƙe shi da shi. Ka rubuta faɗi da tsawo: inci 9.5 da 11 shi ne wanda aka fi sani, babbar kuma inci 14 da 7/8 da 11 ce, ta firintoci masu faɗi irin Epson LQ-2190. Ka rubuta nauyin takarda, giram 60 ko 70 ko 80 a kowane murabba'in mita. Ka rubuta yawan kwafi, da yadda za a haɗa su. Sannan ka rubuta tsawon yanka da na mahaɗi, da sunan firintar da za ta ci takardar. Ka nemi a kawo maka kwali ɗaya na gwaji kafin a yi sauran. Mai sana'ar kirki ba ya ƙin wannan.

Idan fom ɗinka yana da layin yagewa a tsakiyar shafi, kamar takardar albashi da ake raba shafi gida biyu ko uku, ka faɗa masa layin tsakiyar ya fi na naɗi ƙarfi. Dalili kuwa, takarda idan ta fito daga na'ura tana faɗowa ƙasa tana naɗe kanta, kuma a inda ya fi rauni take lanƙwasawa. Idan layin tsakiya ya yi rauni kamar na naɗi, sai ta riƙa karyewa a tsakiya, tarin ya karkace ya zube, ya jawo ta baya ta cushe.

Ranar da kaya suka iso

Kada ka sa hannu a takardar karɓar kaya tukuna. Ka zaɓi kwalaye uku da kanka, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiyar lodi, ɗaya daga ƙasa, ba wanda yaron mota ya miƙo maka ba. Kayan aikinka rula ta ƙarfe mai milimita, gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, da baƙin ƙyalle ko baƙar takarda.

Ka fara da ramukan gefe, domin su ne ma'aunin komai. Faɗin kowane rami kimanin milimita 4 ne, tsakiyarsa na da nisan kimanin milimita 6 daga baki, kuma daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na gaba rabin inci ne, milimita 12.7. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 2784 ce ta tsara wannan. Auna rami ɗaya ba zai nuna maka komai ba, ido ba ya kama kuskuren. Ka ɗora rula a bakin rami na farko ka ƙirga tazara 20: dole ka sauka a kan milimita 254, inci 10 cif. Ni idan na ga saɓanin ya kai rabin milimita, na fara zargin kwalin. Shafi mai inci 11 yana da ramuka 22 a kowane gefe, mai inci 12 yana da 24, mai inci 5.5 yana da 11, kuma a dukkansu layin kwance yana ratsawa ne daidai tsakanin ramuka biyu. Idan ka ga ya matso kusa da rami, ko ya ci bakinsa, nan ne takarda za ta fara yagewa da zarar haƙori ya ja. Shafi mai inci 11 da 2/3, wanda ake yi don ya yi kusa da A4, shi kaɗai ne ke da nasa hali: wurin layin yana sauyawa, sai bayan shafi uku, ramuka 70, yake komawa inda ya fara. Wannan ba lahani ba ne.

Sai ka lanƙwasa shafi ɗaya gida biyu a tsaye, ka haɗa ramukan dama da na hagu, ka leƙa ta haske. Su zauna a kan juna. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya, takardar za ta shiga a karkace, kuma babu wani saitin tirakta da zai gyara ta.

Ka girgiza ɗan tarin shafuka a kan baƙin ƙyallen nan. 'Yan zagayayyun ɓarɓashi da aka huda daga ramuka bai kamata su biyo kaya ba. Idan suna zubowa, ko kana ganin wasu a maƙale a bakin rami kamar murfi, maɓurnin ya dakushe. Waɗannan 'yan abubuwa su ne ke shiga tsakanin ribon, wato zirin tawada, da takarda su bar farin tabo a kan adadin kuɗi, su ne kuma ke toshe idon da ke gaya wa firinta takarda ta ƙare.

Yanzu layin kwance kansa. Ka miƙe shafi biyu a kan tebur ka duba da gilashi. Ka auna yanka goma a jere da mahaɗansu, ka raba, ka ga ko sun dace da abin da ka rubuta a oda. Yankan ya ratsa takarda gaba ɗaya, haske na wucewa ta kowanne, daga wannan baki zuwa wancan. Sau da yawa za ka tarar gefen dama ya yanku, na hagu kuwa wuƙa ta danna ne kawai ba ta huda ba, domin ba a daidaita ta a kan silindar injin huda takardar ba. Irin wannan takarda tana fara yagewa da kyau, ta je tsakiya ta kauce. Ka juya bayan takardar ka shafa layin da yatsa. Wuƙa mai kaifi tana barin shi kusan sumul. Dakusasshiya tura takarda take yi, sai ka ji kaushi ya taso kamar bakin gwangwani, ga ƙura fara-fara a yatsanka.

Wurare biyu nake so ka tsaya a kansu sosai, don su ne suka fi cin mutane. Na ɗaya bakin takarda: layin kwance bai kamata ya ƙare da yanka ba, sai da mahaɗi, aƙalla milimita 1 a kowane baki. Yanka a baki kamar ɗan tsagin da ake yi wa ledar madara ne, wurin fara yagewa. Na biyu inda layin kwance ya haɗu da layin tsaye: a nan ma mahaɗi ake so, kada yanka ya gicciye yanka.

Wannan na biyun da idona na koye shi. Wani ƙarshen wata muna buga takardun albashi, firinta ta riƙa cin takarda duk bayan shafi ashirin ko talatin. Mun canza ribon, mun goge rola, mun sassauta tirakta, mun ɗaure, duk a banza. Da la'asar aka kawo wani dattijo mai gyara. Bai ko kwance na'urar ba. Ya zaro shafi uku daga kwali ya nufi taga, ya ɗan lanƙwasa su, ya ce, "Zo nan, ɗana, ka gani." A kowace kusurwa, inda layukan biyu suka haɗu, wani ɗan kunne mai kusurwa uku ya ɗago, bai fi ƙwayar gero ba. Na ce, "Baba, wannan ɗan abin?" Ya ce, "Shi ne. Kan bugawa na zuwa da gudu ya kama shi, ya ja sauran." Muka ɗauko ragowar tsohon kwali daga sito, na'urar ta buga har aka gama ba ta tsaya ba. Tun ranar, kusurwa nake fara dubawa.

Gwajin hannu da gwajin sikeli

Ka yage shafi goma yadda magatakardanka ke yagewa, wato a tsaye, da sauri, ba tare da ya ɗora rula ba. Goman duka su bi layi. Sannan ka cire bakin gefe daga sama har ƙasa. Wannan ya fi sauƙin yagewa, domin zaren takardar yana bin tsawonta ne, layin tsaye yana tafiya tare da zaren, na kwance kuma yana ratsa shi. Don haka kada ka yi mamaki idan haƙoran layukan biyu ba iri ɗaya ba ne. Abin da ba a so shi ne bakin ya riƙa saki da kansa tun takarda na cikin na'ura, domin da zarar ya saki, tirakta na gefen nan ta daina ja.

Sai gwajin juriya. Ka kama shafi biyu, hannu ɗaya sama hannu ɗaya ƙasa da layin, ka ja a miƙe a hankali. Takarda mai kyau za ta yi maka gardama. Ka naɗe layin gaba da baya sau biyar ka sake ja. Har yanzu ya kamata ta riƙe.

Hannu yana ruɗi, shi ya sa nake amfani da ɗan sikelin rataye na auna jakar tafiya. Ka yanko ɗan tsiri mai faɗin inci ɗaya wanda layin yagewa ya ratsa tsakiyarsa, ka naɗe kowane ƙarshe a jikin fensir ka manne da salatif, ka rataya ɗaya a ƙugiyar sikeli da zare, ka ja ɗayan a hankali har ya tsinke, ka rubuta adadin da ka gani. Ka yi tsiri biyar daga wurare daban-daban a faɗin shafi. Wannan ba awon ɗakin gwaje-gwaje ba ne, amfaninsa kwatantawa: ka ajiye shafi hamsin daga kwalin da ka tabbatar ya yi maka aiki lafiya, cikin leda a rufe, kowane sabon kaya ka gwada shi da su. Idan sabon ya tsinke a rabin abin da tsohon ya jure, ko kuma tsiri na dama da na hagu suka yi nisa da juna, ka samu hujjar da za ka nuna.

Takarda mai kwafi biyu, uku ko huɗu

Webil da rasit yawanci a kan takarda marar kabon ake buga su, fara a sama, sai ruwan hoda, sai rawaya. A nan kowane lahani ninkuwa yake yi. Ka ɗaga ta a haske: ramukan dukkan kwafin su zama rami ɗaya, layukan yagewa su hau kan juna. Idan na ƙasa ya zame ko da kaɗan ne, haƙori zai riƙa cin bakin ramin, kuma adadin da aka buga a cikin akwatinsa a farar takarda zai faɗo kan layi a rawaya.

Babbar matsalarta tozo. Idan ka miƙe takardar a kan tebur, wurin naɗi yakan ɗan tashi, domin kwafin waje ya fi na ciki tsawon hanya wajen zagaye naɗin. Ɗan tashi kaɗan dole ne. Amma ka tsayar da rula kusa da shi: idan ya haura milimita 2, ni ba na karɓa. Kan bugawa zai yi karo da shi a kowane shafi, ya bar baƙin zane na ribon, wata rana ya karya allura, kuma kuɗin sabon kai ya fi ragin da aka yi maka a kan kwalayen nesa ba kusa ba. Abin da ke kawo tozo shi ne dakusasshiyar wuƙa da ta cusa kwafi cikin kwafi, ko gam da aka shafa a miƙe daga sama har ƙasa ya bushe ya sandare. Haɗin da ya fi dacewa shi ne ɗan cizon da ake yi wa gefen takarda, ko gam ɗigo-ɗigo, a gefe biyu, don kwafin su samu damar ɗan zamewa a kan juna wajen zagaye rola. Ƙarfen sitefula kuwa kada ya kusanci firintarka.

Ka kuma san ƙarfin na'urarka. Epson LQ-350 asali da kwafi uku take ɗauka, LX-350 asali da kwafi huɗu. Kada ka manta da libar kauri da ke gefen kan bugawa. Duk ƙarin kwafi, sai an ɗaga ta.

Hunturu da damina

Takarda tana shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa, kuma a faɗi ta fi yin haka, ba a tsawo ba. Mu a Kaduna muna da yanayi biyu masu nisa da juna. Takardar da aka huda aka naɗe a Legas cikin laimar bakin teku, ta hau mota ta iso nan a watan Janairu, iskar hunturu za ta zuƙe ta: faɗin ya ɗan ragu, mahaɗai su yi ƙamas su riƙa karyewa, shafuka su riƙa manne wa juna. A watan Agusta kuwa sai ta yi laushi, baki ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, ramuka su riƙa buɗewa a bakin haƙori. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.

Ba kowa ke da ɗakin da zai riƙe wannan ba, amma kowa zai iya ɗora kwalaye a kan katako maimakon siminti, nesa da bango da taga da kwanon da ke yoyo. Kada a jibge su da yawa a kan juna, nauyi yana murƙushe naɗin kwalin ƙasa. Kada a buɗe leda sai ranar aiki. Kwalin da za a yi aiki da shi gobe a shigo da shi ɗakin firinta yau, ya kwana a rufe. Kuma gwajin da na bayyana a sama, bayan wannan kwanan ya fi dacewa a maimaita shi, don kada ka zargi maƙeri da laifin sitonka.

Gwaji na ƙarshe a cikin na'ura

Ka ajiye kwali daidai ƙarƙashin mashigar takarda, a miƙe, kada ya wuce mita ɗaya, ka yanke ko ka naɗe kunnuwan kwalin don kada su riƙa goga baki. Ka sa ramuka a haƙora, ka matsar da tirakta har takarda ta miƙe, amma kada ka ɗaure ta kamar fatar ganga. Alamar ɗauri ya yi yawa ita ce ramuka su fito a miƙe kamar ƙwai. Ka saita tsawon shafi daidai: inci 11 layi 66 ne idan ana buga layi 6 a inci. Ka bar aƙalla milimita 4 zuwa 5 sama da ƙasan layin yagewa babu rubutu, domin allura idan ta faɗa cikin yanka tana iya maƙalewa.

Ka buga shafi ɗari biyu ko uku a gudun da kuke aiki da shi kullum, ba a hankali ba. Ka tsaya a bayan na'urar ka kalli yadda takarda ke sauka. Ta riƙa naɗe kanta dama da hagu ba tare da an taɓa ta ba. Ka saurari kan bugawa lokacin da layin naɗi ke wucewa. Idan kana jin "tas" a kowane shafi, tozo ne. Bayan an gama ka buɗe murfi ka duba ƙura a kan sandar da kai ke gudu.

Idan kaya suka faɗi gwaji, kada ka tsaya gardama da baki. Ka yanko wurin da ke da lahani ka zagaye shi da biro, ka ɗauki hotonsa kusa da rula, ka kwafe lambar da ke jikin kwali da ranar da aka yi shi, ka haɗa da takardar odarka. Ka ce wa mai kawo kaya, "Alhaji, ga abin da muka rubuta, ga abin da ya zo, a kai wa masu injin su duba wuƙarsu." Shi ma sau da yawa dillali ne, bai taɓa ganin injin ba, kuma wannan samfurin shi ne abin da zai riƙe nasa mutanen da shi. Kwalayen da ba a buɗe ba ka ware su gefe ɗaya a sito, ka rubuta musu "kada a taɓa" da babban baƙi, domin mai aikin dare idan takarda ta ƙare masa, wanda ya fi kusa da ƙofa zai ɗauka.